Amsar Kawu kan yadda Sinawa ke ɗauko amarya

Assalamu alaikum, ɗana.

Saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi da kana lafiya, karatu na tafiya. Ka ce abokin karatunka ɗan birnin Foshan na ƙasar Sin zai yi aure, ya sa ka cikin abokan ango da za su je ɗauko amarya, kana so ka san me ake yi, me za a sa ka, da kuma ko akwai abin da bai kamata Musulmi ya sa hannu a ciki ba. Madalla da ka tambaya tun da wuri. Shekarun da na yi ina zuwa saro yadi a Gwangzu, masu masaƙun da muke hulɗa da su sun sha gayyatata bikin 'ya'yansu, kuma Foshan ɗin nan maƙwabciyar Gwangzu ce, al'adarsu ɗaya. Sai dai ka sani ƙasar Sin faɗi gare ta, abin da ake yi a kudu ba lallai a yi shi a arewa ba. Na mutanen kudu zan fi ba ka, tunda can za ka.

Abu na farko da zai ba ka mamaki shi ne ango da ƙafarsa yake zuwa. A wurinmu yana zaune abinsa, gwaggonni da abokai su je da motoci su kawo masa amarya har ɗaki. A can kuwa sai ya je ƙofar gidan surukai ya sha wuya a gaban jama'a kafin a ba shi matarsa, ku abokai kuma an ɗebo ku ne ku taya shi shan wuyar. Abin ya daɗe. Littattafansu na ladubba da suka zo da al'adun zamanin daular Zhou, wadda ta ƙare a shekara ta 256 kafin haihuwar Annabi Isa, sun kasa aure mataki shida: neman aure ta bakin ɗan aike, tambayar sunan yarinya da lokacin haihuwarta, duba ko taurarinsu sun dace, kai dukiya, sa rana, sannan na ƙarshe, zuwan ango da kansa. A wancan zamanin da magariba ake yi, ango na riƙe da dinyar daji a matsayin kyauta. Yau dinya ta koma damin furanni, magariba ta koma safiya, amma zuwan bai faɗi ba.

Ka kiyaye lokaci. Iyaye na duba kalandarsu ta gargajiya, ko su je wurin mai duba, a fitar musu da sa'ar da ango zai bar gida da sa'ar da amarya za ta taka gidan miji. In an ce ƙarfe takwas, to takwas ɗin ce. Ba irin namu ba ne da ake cewa bayan la'asar, a zo bayan isha'i.

Daren jajibiri ba ruwanka da shi, amma ga abin da ake yi. Amarya a gidansu, ango a nasu, kowa ya yi wanka da ruwan ganyen wani babban lemo, ya sa sabbin kaya, sai a taje masa kai ana jero fatan alheri: zama har furfura, 'ya'ya da jikoki cike da gida. Ba kowace mace ke riƙe matajin ba, sai wadda mijinta na raye, 'ya'yanta na raye, zamanta lafiya lau. Gadon amarya kuma an riga an shimfiɗa masa jan zanin gado, an watsa gyaɗa da busasshiyar jar magaryarsu da wasu 'ya'yan itatuwa, an sa yara ƙanana sun yi ta tsalle a kai don fatan haihuwa.

To, ƙofa. Nan aikinku yake. Za ku iso cikin motocin da aka yi wa ado, ku tarar 'yan matan amarya sun garƙame gida. Gidajen benen can yawanci ƙofa biyu gare su, ta katako a ciki, ta ƙarfe mai raga a waje. Sai su buɗe ta katakon, su bar ta ƙarfen a kulle, kuna ganinsu suna ganinku. Na taɓa tsayawa a matattakala ina kallon ɗan wani mai masaƙa, yaron da ma'aikata ke rawar jiki in ya shigo, yana tsaye cikin kwat gumi na zuba, yana tura jajayen ambulan ta cikin raga, wata 'yar ficiciyar yarinya tana buɗewa tana ƙirgawa tana girgiza kai. Wannan shi ne kuɗin buɗe ƙofa. Sukan fara da yuwan 9,999 a kuɗinsu, a yi ta ciniki har a sauko, amma ko nawa aka tsaya sai an jera tara-tara, don tara a wurinsu alamar ɗorewa ce. Za ka tuna da sayen baki, sai dai namu bayan an kawo amarya ake yi, nasu kuwa kafin ango ya sa ta a ido.

Kuɗi kaɗai ba ya buɗe ƙofar. Za a tambayi ango ranar da suka fara haɗuwa, lambar takalminta, abincin da ba ta so. In ya kuskure, ku ne za ku yi tsallen kwaɗo ko ku kwanta kuna ɗagowa da hannu irin na sojoji. Za a sa shi waƙa, a sa shi karanta takardar alkawari da ƙarfi yadda amarya za ta jiyo daga ɗaki: shi zai yi wanke-wanke, albashinsa a hannunta, in an yi faɗa shi ne mai laifi. Sannan a fito da ƙananan kofuna na ɗanɗano huɗu, tsami da zaƙi da ɗaci da yaji, wai zaman aure ke nan. Ruwan lemon tsami, zuma ko sukari, ruwan wani ɗan itace ɗan'uwan garahuni, da barkono. A nan ka buɗe ido. Ka tambayi abin da ke cikin kofi kafin ka kai baki, domin wani lokaci sukan zuba giya don ƙeta. Ko da an shiga ɗaki ba a gama ba: amarya na zaune a kan gado ba takalmi, an ɓoye jajayen takalmanta, sai kun birkice ɗakin kun nemo, ango ya durƙusa ya sa mata da hannunsa.

Wani zai ce wannan shiririta ce, ni ban ɗauke ta haka ba. A da, yarinya in ta fita gidan ubanta ta fita ke nan, sunanta ya koma cikin zuri'ar miji, kakannin miji za ta yi wa hidima. Har karin magana gare su cewa 'yar da aka aurar ruwa ce da aka zubar, ba ta kwasuwa. A Fujiyan da Taiwan ma uwa kan watsa ruwa a bayan motar amarya, ita kuma amaryar ta jefo mafici ta taga, wai ta bar halinta na shagwaɓa a gida. Mutanen da ke rabuwa da 'yarsu irin wannan rabuwa, dole su so mai ɗaukarta ya san ba a titi ya tsince ta ba. Saboda haka in wata yarinya ta sa ka tsallen kwaɗo, kada ka ɓata rai ka ce an raina ka. Ka yi kana dariya. Fuskar abokinka kake karewa.

Da zarar an gama wasa, gida sai ya yi tsit, a shiga ba da shayi. Ango da amarya su durƙusa gaban iyayenta, su miƙa kofi da hannu biyu, a ciki an jefa jar magarya da ƙwayar wani furen ruwa mai kama da bado. Daga iyaye sai kakanni da baffanni da gwaggonni, kowa bisa girmansa, wasu gidajen kuma da kakanni ake farawa. A nan ango ke fara kiran surukansa baba da mama. Duk wanda ya sha zai ba da jan ambulan ko ya zura wa amarya awarwaron zinariya. Mutanen yankin nan, musamman na Shunde da ke cikin Foshan ɗin, sun yi suna wajen wannan. Za ka ga hannu ya cika har gwiwa, sauran an zura su a jan zare an rataya mata a wuya. Rigar da take sawa riga da siket ce ja, an cika ta da aikin zaren zinariya da azurfa, da hoton dodon nan nasu mai jikin maciji da tsuntsuwar almara, ɗaya na namiji, ɗaya na mace.

Wajen fita akwai wata dattijuwa da ake ɗauka haya, kamar alwanka a wurinmu, ita ta san me ke bin me, bakinta kuma ba ya hutawa da kirarin fatan alheri. Ana buɗe wa amarya jar laima a ka, ana watsa shinkafa, kuma ba a so ta waiwaya. A tsohuwar al'ada ƙafarta ba ta taɓa ƙasa, dattijuwar ko wani ɗan'uwanta ne ke goya ta. Da can cikin wata jar rumfar katako mai kujera ake sa ta, maza huɗu ko takwas su saɓa a kafaɗa, fuskarta lulluɓe da jan mayafi, masu algaita da kuge a gaba. Wannan ya yaɗu ne tun zamanin daular Song, daga 960 zuwa 1279. Yanzu jerin motoci ne, kuma ba a son komawa ta hanyar da aka zo, don kada auren ya zama mai komawa baya. A ƙauye za ka sha ƙarar nakiyar wasa har kunnenka ya toshe, wai korar mugun abu. Manyan birane da yawa sun hana, Honkon ma tun 1967, shi ya sa za ka ga ana fasa balan-balan a madadinta.

Kukan amarya kuwa mu da su duk ɗaya, sai dai akwai waɗanda suka mai da shi fanni. Ƙabilar Tujiya da ke tsaunukan Hunan da Hubei, a da amarya kan fara kuka cikin waƙa tun saura kamar wata guda, uwa ta shigo, kaka ta shigo, 'yan'uwa mata su kama, har mai dalilin auren sai an zage ta a cikin waƙar. Wadda ba ta iya kukan ba ana ganin ba ta sami tarbiyya ba. A Foshan ba za ka ga wannan ba, 'yar ƙwalla ce kawai wajen shayi.

A gidan ango amarya ba ta taka dokin ƙofa, tsallakewa take yi, wasu kuma su ajiye kaskon garwashi ta ƙetare. Wani gidan iyayen ango ɓuya suke yi a ɗaki har sai ta shigo, wai don kada su yi karo da ita tun ranar farko.

Yanzu ga amsar tambayarka ta ƙarshe. A gidaje da yawa akwai wani ɗan teburi ko kanta mai allunan sunayen kakanni, da turare da 'ya'yan itace. Ango da amarya za su sunkuya wa sama da ƙasa, su sunkuya wa kakanni, su sunkuya wa juna. Wannan ibadarsu ce. Ka ja gefe cikin ladabi, kada ka karɓi tsinken turare, kada ka rusuna, kuma kada ka yatsine fuska. Ba wanda zai neme ka a wurin, don na 'yan gida ne. Riƙe laima, ɗaukar tiren shayi, neman takalmi, duk ban ga laifinsu ba, amma wasan ƙofa in ya kai ga cakuɗa jiki da 'yan mata, ka zame.

Inda za ka fi shan matsi shi ne liyafar dare. Ango zai bi teburi-teburi ana ɗaga kofi, kuma aikin abokai ne su shanye masa giyar don kada ya faɗi. Ka gaya wa abokinka tun yau cewa ba ka sha, kada ka bari sai an miƙo. Ka ɗaga kofin shayi, su kansu sun san wannan kuma karɓaɓɓe ne. Abincin farko a bikin mutanen Gwangzu yawanci gasasshen ɗan alade ne, sauran ma ba ka san da man da aka soya su ba, to ka ci ka ƙoshi kafin ka je, ko ka roƙi a tanadar maka daga gidan abincin Musulmi. Sinawa sun san halal, suna da Musulminsu 'yan Hui waɗanda limami ke ɗaura wa aure kamar kowa, ga tsohon masallacin Huaisheng nan a tsakiyar Gwangzu. Akwai kuma tsokanar ango da amarya a ɗakinsu bayan liyafa. A wasu yankuna abin ya wuce gona da iri, har da ɗaure ango a jikin bishiya da cin zarafin 'yan mata, shi ya sa a 2021 ma'aikatar kula da harkokin jama'a ta ƙasar ta ware yankunan gwaji don gyara al'adun aure, har da wannan tsokanar da tsadar kuɗin aure. In ka ga an doshi nan, ka yi sallama ka tafi.

Gudummawarka ka sa ta a jan ambulan, sabbin takardu, adadin da ba shi da huɗu a ciki, don huɗu na tuna musu mutuwa. Shida ko takwas sun fi so. Farin ambulan na ta'aziyya ne. Abokan ango yawanci anko suke yi, ka sa abin da aka ba ka. In kuma an ce kowa ya zo da kayan garinsu, ka bar farar shaddar nan a akwati, ka ɗauko mai ruwan ƙasa ko shuɗiya. Hula kuwa kowace iri ka ga dama ban da koriya, domin a can mai koriyar hula shi ne mijin da matarsa ke cin amanarsa, kuma ba ka so ka tsaya da ita a hoto kusa da ango.

Mahaifiyarka na nan lafiya, ta ce a turo mata hotunan.

Kawunka.