Babur yana shaƙewa in an murɗa totur: mai ne ya yi yawa ko iska?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta tambayarka, cewa Boxer ɗinka yana shaƙewa idan ka ba shi wuta, wani bakanike ya ce mai ne ya yi masa yawa, wani kuma ya ce mai ne ba ya isa. Na daɗe ina gyaran babura, kuma roƙona na farko shi ne kada ka bari kowa ya sa sukundireba a jikin kafiretan nan tukuna. Ka fara kwance fulogi.

Aikin kafireta shi ne gauraya fetur da iska kafin su shiga inji. A ma'auni na nauyi, kusan kashi 14.7 na iska ake so ga kashi 1 na fetur. In fetur ya rinjayi iska, ba ya ƙonewa duka. In iska ta rinjaya, wutar ciki tana yin zafi fiye da kima. Duka biyun suna sa babur ya shaƙe, shi ya sa bakanikenka biyu suka saɓa. Amma shaƙewar ba iri ɗaya ba ce. Wanda mai ya yi wa yawa yana yin gurnani, yana ɓar-ɓar-ɓar, yana tafiya da nauyi, sai daga baya ya washe. Wanda mai bai isa ba, da ka murɗa totur da sauri sai ƙarar ta ɗauke ɗif kamar an kashe makulli, in ka ɗan sassauta hannu sai ya dawo.

To, fulogi. Kada ka duba shi da safe bayan babur ya daɗe yana silo a ƙofar gida, ƙarya zai yi maka. Ka hau ka yi tafiyar kamar minti 15 a hanya mai kyau, a daidai gudun da matsalar take faruwa, sannan ka kama kuloci ka kashe inji nan take, ka gangara gefe. Ka bari ya huce kaɗan kafin ka sa sifana, don zaren da ke kan injin alminiyom ne, ba ya wuyar lalacewa da zafi. Ka dubi farin tangaran ɗin da ke kewaye da tsinken tsakiya. In ya yi baƙi ƙirin, busasshe, ka goga da yatsa ya bar maka gari kamar na gindin tukunya, mai ne ya yi yawa. In ya yi fari fat, ko toka-toka, har wani lokaci ka ga ƙananan ƙuraje a jikinsa, mai ne ba ya isa. Abin da ake so shi ne ruwan ƙasa-ƙasa mai haske. Akwai kuma na huɗu da yake ruɗa mutane da yawa: baƙi amma jiƙaƙƙe, mai maiƙo da sheƙi. Wannan ba laifin kafireta ba ne, baƙin mai ne yake hawa sama saboda ringi ya cinye ko robar bawul ta mutu. Shi ne za ka ga salansa tana fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi. Hayaƙin yawan fetur baƙi ne, kuma wanda ya tsaya a bayanka zai ji warin ɗanyen fetur har idonsa ya yi yaji.

Sai gwajin cok, wanda ba ya buƙatar ko kwabo. Cok yana ƙara wa inji mai ne. Idan inji ya yi zafi sosai, ka ɗan ja cok rabi. In ka ji babur ya ƙara lafiya, shaƙewar ta ragu, to da ma yunwar mai yake ji. In ya ƙara nauyi ko ya mutu, ba mai yake nema ba. Haka in baburinka yana tashi da kik ɗaya da sanyin asuba ba tare da cok ba, amma da rana ta yi ya soma kasala, kada ka yi murna, alamar yawan mai ce. Kishiyarsa kuma, wanda sai an daɗe ana ja masa cok, ya yi ta mutuwa kafin ya ɗau zafi, ko kuma in ka saki totur injin ya ƙi sauka da wuri, ko salansa ta riƙa harbi tas-tas a gangara, ka zargi ƙarancin mai ko iska tana shiga ta ɓarauniyar hanya.

A wannan yanki namu, galibin baburan da ake kawo min da baƙin fulogi, matatar iska ce ta toshe. Lokacin hunturu za ka buɗe akwatin ka tarar soson ya zama ja jawur da ƙura, ya yi tauri, in ka matse shi sai ƙasa ta zubo. Iska ba ta samun hanya, sai inji ya yi ta zuƙo fetur. Ka cire soson na ɗan lokaci ka gwada a wuri marar ƙura. In babur ya washe, ka gano laifin. A wanke, a shanya, a shafa masa ɗan baƙin mai a matse sosai, a mayar. Kada ka yarda da masu cewa a jefar da shi gaba ɗaya, ƙurar da zai tare ita ce za ta cinye maka fistin da ringi. In soso lafiya yake, a duba ko cok ya maƙale, a duba fulot, wato abin da ke iyo a kofin kafireta yana tsayar da fetur in ya cika, da allurarsa. Kafiretan da ke ɗigar da fetur ta ƙaramin tiyo na ƙasa in babur yana tsaye, allurar fulot ce ba ta rufewa.

In fulogi fari ne, ka fara da baƙar robar da ta haɗa kafireta da inji. Zafi da daɗewa suna tsattsaga ta, wani lokaci sai ka lanƙwasa ta sannan tsagar za ta bayyana. Daga nan sai datti a ƙaramin jet, wato ɗan bututun da fetur ke bi a cikin kafireta, musamman in kana yawan sayen mai a kwalba wajen 'yan bumburutu, don ruwa da yashi ba sa wuyar shiga. Ramin ƙaramin jet siriri ne ƙwarai, da iska ake hura shi, kada a tura masa waya ko allurar ɗinki, don in ramin ya buɗe ya buɗe ke nan. Ka duba har murfin tanki. In ƙofar iskarsa ta toshe, mai zai riƙa yankewa bayan ka yi nisa, ka buɗe murfin ka ji ya yi huci.

Ka lura kuma da inda hannunka yake lokacin da yake shaƙewa, wannan zai rage maka wahala sosai. Daga silo zuwa kashi ɗaya cikin huɗu na totur, ƙaramin jet da sukurun daidaita mai da iska ne ke aiki. Daga nan zuwa kashi uku cikin huɗu, doguwar allurar da totur ke ɗagawa a cikin kafireta ce. Ƙarshen totur kuma babban jet. Wanda baburinsa ke shaƙewa a ƙarshen totur, ko kwana ya yi yana juya sukuru ba abin da zai canza.

Abin da ya fi damuna shi ne, tun da aka cire tallafin mai a 2023, 'yan acaɓa da yawa suna zuwa suna cewa a rage musu shan mai, wasu bakanikan kuma sai su ɗaure sukuru ko su sauke doguwar allura har ƙasa. Na fahimci halin da ake ciki, Allah ya sani. Amma yawan mai fulogi zai ɓata maka ya ci maka aljihu, ƙarancin mai kuwa bawul yake ƙonawa, yana iya huda kan fistin. Na sha buɗe injin da aka yi wa haka, bakin bawul ɗin salansa ya tsage ya yi fari. Kuɗin gyaran ya ninka abin da aka tara na mai.

In sai an taɓa sukurun, a bari inji ya yi zafi. A ɗaure shi a hankali har ya tsaya, ba da ƙarfi ba, ana ƙirga juyin don a san inda yake da farko. A kwance shi kamar juyi ɗaya da rabi zuwa biyu, sannan a riƙa motsa shi kwata-kwatan juyi har a sami inda silo ya fi tsayawa daram. In sukurun yana gefen inji, kwance shi ƙara mai ne. In yana gefen matatar iska, kwance shi ƙara iska ne. Kuma in ka kai babur wuri mai tudu kamar Jos, inda iska ta fi sauƙi, zai ɗan nuna alamar yawan mai, wannan ba lalacewa ba ce.

Ka yi gwajin fulogin, ka ɗauki hoton bakinsa a hasken rana ka turo mana, ka kuma faɗi a wane matakin totur yake shaƙewa. Daga nan in sha Allahu za mu gane na kwancewa. Allah ya tsare hanya.