Inshorar Lafiya Na Neman Kuɗinta Daga Diyyar Hatsarina, Tana Da Haƙƙi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina zaune a Houston ta ƙasar Amurka, ina aiki da wani kamfani. Wani direba ya ƙi tsayawa a jar wuta ya buge ni, ƙafata ta karye, aka yi aiki aka sa ƙarfe. Inshorar lafiyar da wurin aikinmu ke yi mana ta biya asibiti dala 30,000. Daga baya lauyana ya sasanta da kamfanin inshorar direban a kan dala 90,000, shi lauyan zai ɗauki kashi ɗaya bisa uku. Kuɗin ba su ma shigo hannuna ba sai ga takarda daga inshorar lafiya, wai in mayar musu da abin da suka kashe. Malam, ni aka karya, kuma duk wata ana yankar kuɗin inshorar nan daga albashina. Suna da haƙƙi a shari'a? Wani abokina ya ce da zarar kuɗin sun shigo in kashe su da wuri, ba abin da za su iya. Ya halatta?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce.

Suna da haƙƙi, ɗan'uwa, amma bai kai girman abin da suka rubuta a takardarsu ba. Shawarar abokinka kuwa, ajiye ta.

Mu fara da wanda ya buge ka, domin a wuyansa asalin bashin yake. Hatsarin mota yana ƙarƙashin hukunce-hukuncen jinaya, wato laifin yi wa wani rauni ko kisa, galibi na kuskure, kuma a kan haka Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tsaya a zamanta na Burunai a 1993: direba yana lamunce ɓarnar da ya yi wa jikin wani ko dukiyarsa, balle wanda ya keta dokar hanya. Kuɗin magani yana ciki? Magabata sun yi saɓani, domin littattafan fiƙihu sun fi mayar da hankali kan diyyar gaɓoɓi da raunukan da aka ƙayyade wa adadi. Amma Muhammad ɗan Hasan Asshaibani na Hanafiyya ya ɗora ladan likita a kan wanda ya yi raunin, kuma cikin Malikiyya Ibnu Arafa ya kyautata wannan ra'ayi a raunin da ba shi da ƙayyadadden adadi. Shi na rinjayar, saboda faɗin Manzon Allah (SAW): "Babu cuta, babu cutarwa." A zamanin da aikin ƙashi ɗaya zai iya cinye albashin shekara, a ce mai laifi ba ruwansa da asibiti, an bar cutar a kan wanda aka cuta ke nan. Karɓar kuɗin daga hannun kamfanin inshorar direban ma babu laifi. Haƙƙinka ne a kan direban, shi ya san yarjejeniyar da ya ƙulla da wanda ya biya masa.

To, wa ya sauke wannan bashi na asibiti tun kafin direban ya biya? Inshorar lafiya. Ƙa'idar Malikiyya, kuma ita Ibnu Taimiyya ya zaɓa, ita ce wanda ya biya wajibin da ke kan wani, ba da niyyar kyauta ba, yana da damar komawa kansa ya karɓi abinsa, ko da bai nemi izininsa ba. Shehu Khalil ya kawo ta a babin lamuni, ya sharɗanta biyan ya zama don sauƙaƙawa ne, ba don a ƙuntata wa wanda ake bi ba. Da a ce maƙwabcinka ne ya biya asibitin ranar da aka kwantar da kai, sannan direban ya zo da kuɗin magani ya damƙa maka, ai ka san na wane ne. Kai ba ka fitar da wannan dala 30,000 daga aljihunka ba, saboda haka idan ka riƙe ta, an biya ka magani ɗaya sau biyu. Hukumar AAOIFI mai tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗin Musulunci ta yarda da wannan ko a takaful, wato inshorar haɗin gwiwa ta Musulunci: kamfani ya maye gurbin mamba wajen bin wanda ya jawo ɓarnar, abin da aka karɓo ya koma asusun mambobi.

Za ka ce ai kana biya duk wata. Gaskiya ne, amma abin da ka biya dominsa ka same shi: an yi maka aiki nan take, ba a ce ka jira watanni ko shekara har a gama shari'a da direba ba. Kuma sharaɗin mayar da kuɗi idan wani ya biya diyya yana rubuce a kundin inshorar, wanda mafi yawanmu ba ma buɗe shi sai an samu matsala. Allah ya ce a farkon Suratul Ma'ida: "Ya ku waɗanda suka yi imani, ku cika alkawura." Hadisin Abu Dawuda da Tirmizi kuma ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu.

Na san wani zai kawo maganar cewa inshorar kasuwanci ai ba ta halatta ba, don haka sharaɗinta ba ya hawa kan kowa. Majalisar Fiƙihu ta haramta ta a 1985 saboda garari, wato rashin tabbas a cikin cinikin, ta halatta ta haɗin gwiwa, yayin da Shehu Mustafa Azzarƙa yake ganin halaccinta. Wanda ke zaune inda babu takaful, kuma wurin aiki ne ke yi masa, buƙata ta ba shi uzuri. Sai dai wannan magana ba ta taimaki mai son riƙe kuɗin ba ko kaɗan. In cinikin ingantacce ne, sharaɗi ya hau kanka. In ɓatacce ne, ai wanda ya yi imani da haka shi ya fi cancanta ya mayar musu da dukiyarsu da zarar ya samu madadi.

Yanzu ga inda suke wuce gona da iri. Dala 90,000 ɗin nan ba duka kuɗin magani ba ne. A ciki akwai diyyar ƙafar da ta samu naƙasa, da raɗaɗin da ka sha, da albashin watannin da kake kwance, wataƙila da maganin da za ka nema nan gaba. Waɗannan naka ne kai kaɗai, inshora ba ta biya ko sisi a madadinsu ba, ba ta da hurumin taɓa su. Haƙƙinta ya tsaya a kason magani, kuma a kan abin da ta biya asibiti da gaske bayan rangwame. Idan an sasanta a ƙasa da ainihin asararka saboda inshorar direban ƙarama ce, adalci shi ne ragin ya shafi kowa gwargwadon kasonsa.

Sannan ladan lauya. Kai ka ɗauke shi, kai ka yi zirga-zirga da sandar dogarawa, su suna ofis suna jira. Wanda zai ci riba shi ke ɗaukar ɗawainiya, ƙa'ida ce sananniya a fiƙihu. Tunda lauya ya ɗauki kashi ɗaya bisa uku na komai, to a cire dala 10,000 daga kasonsu. Abin da nake gani ya tabbata a kanka tsakaninka da Allah bai wuce dala 20,000 ba.

Dokar ƙasar ba lallai ta tsaya inda na tsaya ba, kuma gara ka sani tun yanzu. Inshorar wurin aiki galibi tana ƙarƙashin ERISA, dokar tarayya ta 1974 mai kula da fansho da inshorar ma'aikata, kuma idan kamfani da kansa yake biyan kuɗin maganin ma'aikatansa, dokokin jiha masu kare wanda ya ji rauni ba sa hawa kansa. A 2013 Kotun Ƙolin Amurka ta yi hukunci a shari'ar McCutchen, ma'aikacin kamfanin jiragen sama na US Airways. Inshora ta kashe masa dala 66,866, ya samu diyyar dala 110,000, lauyoyi suka ɗauki kashi 40 cikin ɗari, ya rage da dala 66,000, inshorar ta ce ya mayar da 66,866 cif. Wato ya cika daga aljihunsa. Kotu ta ce abin da aka rubuta a kundi shi ke aiki ko da ya yi tsauri, amma inda kundin bai ce komai ba a kan ladan lauya, inshora za ta ɗauki kasonta na ladan. Saboda haka ka sa lauyanka ya nemi cikakken kundin da kuma jerin abin da aka biya ɗaya bayan ɗaya, domin akan tarar an cusa maganin da ba shi da alaƙa da hatsarin. Ya nemi ragi, sau da yawa ana samu, kuma neman ragi a fili halal ne. Idan duk da haka doka ta tilasta ka biya fiye da kima, ka biya, alhakin ƙarin yana kansu.

Maganar abokinka tana da tushe a doka. A 2016, a shari'ar Montanile, kotun ta ce idan mutum ya riga ya kashe kuɗin diyya a kan abin da ba a iya bin sawunsa, kamar abinci, inshora ba za ta kama sauran dukiyarsa ba. Wannan yana nuna iyakar hannun alƙali ne, bai goge bashi ba. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yanke masa wani abu daga haƙƙin ɗan'uwansa saboda ya fi iya kafa hujja, yankin wuta ne ya yanka masa. Kasancewar mai haƙƙin kamfani ne, ko ba Musulmi ba ne, bai halatta dukiyarsa ba, ka shiga ƙasarsu da amana. Kashe kuɗin da gangan bayan takarda ta iso ka ha'inci ne. Ka bar kason da ake jayayya a kansa a asusun amanar lauya har a daidaita a rubuce, ka ci gaba da amfani da sauran.

Wallahu a'alam.