Amsa kan ɗaukar kwasa-kwasan kwaleji tun daga sakandare

Assalamu alaikum. Hajiya, kin tambaya ko ya dace ki bar 'yarki, wadda take aji 10 a nan Ohio kuma take sha'awar aikin malanta, ta fara ɗaukar kwasa-kwasan kwaleji tun ba ta gama sakandare ba. Tawa 'yar ta bi wannan hanya, yanzu tana shekarar ƙarshe a jami'a, don haka abin da zan faɗa miki ganau ce ni, ba jiyau ba.

Tsarin da kike magana a kai shi ne College Credit Plus, wanda jihar ta fara a 2015, ko da yake Minnesota ta riga kowa tun 1985. Ɗalibi yana yin kwas ɗaya, a lissafa masa shi a sakandare da kwaleji gaba ɗaya, kuma idan makarantar gwamnati yake, kwalejin ma ta gwamnati ce, ba ya biyan kuɗin karatu ko na littattafai. Ba a wuce kiredit 30 a shekara (kiredit shi ne ma'aunin da kwaleji ke auna nauyin kowane kwas da shi), kuma ana so ku sanar da makarantarta niyyarku zuwa 1 ga Afrilu. Da yake digirin farko kusan kiredit 120 ne, sauƙin ba ƙarami ba ne.

Sai dai inda muka yi tuntuɓe shi ne wurin zaɓen kwas. Mun ɗauka duk abin da ta ci zai shiga lissafi, muka bar ta tana zaɓar abin da lokacinsa ya yi mata daidai. Da ta samu gurbi a wata jami'a mai zaman kanta, sai ma'aikaciyar ofishin rajista ta ɗora takardar sakamakonta a tebur, ta bi layi-layi da alƙalami, ta ce an karɓi kwasa-kwasai biyu a matsayin ƙari kawai, ba za su maye gurbin komai ba a tsangayar ilimi. Ɗaya daga cikinsu kuwa shi ne wanda na sha kai ta da daddare cikin dusar ƙanƙara, ina zaune a mota ina jira har ta fito. Laifinmu ne, domin daga ƙarshe ya kamata mu faro: a fara zaɓar jami'o'in da take hari, a karɓi jerin abin da suke buƙata ga mai neman lasisin koyarwa, sannan a zaɓi kwas. Tsakanin manyan makarantun gwamnati na Ohio akwai yarjejeniyar karɓar kiredit, wadda ta haɗa da kwasa-kwasai irin su gabatarwa ga fannin ilimi da nazarin halayyar mai koyo, amma ba ta ɗaure masu zaman kansu ko na wata jiha ba.

Ki kuma sani cewa makin da 'yarki ta samu yana zama a takardarta ta kwaleji har abada, kuma da shi za a duba cancantarta ta shiga tsangayar ilimi. Idan ta faɗi, ko ta janye bayan wa'adi, hukumar makarantu tana iya neman ku biya kuɗin kwas ɗin. A ganina kwas ɗaya ko biyu sun isa a zangon farko, komai kaifin ƙwaƙwalwarta. Mu da muka taso a Najeriya mun saba da cewa mai NCE malami ne. A nan kuwa takardar shekara biyu ba ta ba mutum aji nasa a makarantar gwamnati, sai ya kammala digiri, ya yi koyarwar gwaji, ya ci jarrabawar lasisi.

Abin da ya fi amfanar 'yata ma ba kiredit ba ne. Kwas ɗin gabatarwar ya tilasta mata zuwa kallon darasi a wata firamare, ta je da niyyar koyar da ƙananan yara, ta dawo ranar farko ta faɗa kan kujera ko takalmi ba ta cire ba, ta ce ashe rabin aikin ɗaure igiyar takalmi ne da rabon faɗa. Kafin zangon ya ƙare ta gane cewa 'yan aji 7 da 8 ne suka dace da ita, kuma lissafi take son koyarwa. Saboda haka, idan kin je wurin mai ba ɗalibai shawara a makarantar 'yarki, ki fara tambayar kwas ɗin da ke kai ɗalibi cikin aji na gaske, ki kuma nemi a rubuta miki amsar jami'a kan kowane kwas kafin ta yi rajista.