Abin da ya sa muke gayya a Houston bayan ambaliya

Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya. Ka tambaya me ya sa Hausawan Amurka ke haɗa kuɗi da fita aikin gayya idan guguwa ta kawo ambaliya, alhali gwamnatin ƙasar ba ta rasa kuɗi ba. Amsar tana cikin irin ginin gidajen nan da kuma dokar wanda ake ba tallafi.

Ɗauki guguwar Harvey ta watan Agustan 2017. Ta shigo jihar Texas, inda birnin Houston yake, ranar 25 ga wata, ta yi kwanaki tana zuba. A garin Nederland an auna ruwa sama da inci 60, wanda ya fi abin da Kano ke samu a damina guda. Sai da hukuma ta saki ruwan madatsun Addicks da Barker da ke yammacin Houston don kada su ɓalle, ruwan ya shiga unguwannin da ke gangare. An ƙiyasta ɓarnar a dala biliyan 125.

A gida, ginin ƙasa in ya sha ruwa rushewa yake yi, kowa ya gani. A nan gidan yana tsaye, amma cikinsa yana ruɓewa. Yawancin gidaje ginshiƙansu katako ne, bangon ciki kuma allon farar ƙasa ne da aka lulluɓe da takarda, a bayansa an cusa wata auduga mai tare zafi. Duka ukun suna shan ruwa. Da zafi da laimar Houston, cikin awa 24 zuwa 48 funfuna ta fara kamawa, ita ce kuma mai tayar da asma ga yara da tsofaffi. Babu hukumar da za ta iso gidanka cikin kwana biyu ta fasa maka bango. Dalilin gayyar ke nan.

Da ruwa ya janye, ana bin sunaye a zauren WhatsApp: wa aka ji daga gare shi, wa ya yi shiru. Gidan mai tsohuwa ko mai jego ko mai ciwon suga shi ake fara zuwa. Kafin kowa ya taka ciki sai an kashe wuta daga babban makunni, an rufe gas. Sannan hoto: kowane ɗaki, layin da ruwa ya bari a bango da ma'auni a jikinsa, lambar firji da injin wanki. Mutane da yawa suna kuskure a nan. Zafin nama ya sa su kwashe kaya su zubar, daga baya jami'in inshora ya ce ina shaida.

Daga nan sai fiɗa. A naɗe kafet da sosonsa a fitar. A yanke bango aƙalla ƙafa ɗaya sama da inda ruwa ya tsaya, domin allon yana tsotsar ruwa zuwa sama kamar lagwani. Masu sanin aikin sukan yanke a ƙafa huɗu, saboda faɗin sabon allo ke nan, zai zauna ba sai an yi ta gutsure shi ba. A zare audugar duka. Kowa da takunkumin N95 da safar hannu da takalmin roba, don ruwan a gauraye yake da na masai. Ana wanke katako da sabulu, a bi shi da kofi ɗaya na bilic, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, a galan ɗaya na ruwa, taga a buɗe. Ba a taɓa haɗa bilic da amoniya, hayaƙinsu guba ne. Sai a kunna fanka da na'urar tsotse laima, wani lokaci har makonni. Kada a rufe bango sai abin awo ya nuna danshin katako ya sauko kusan kashi 15 cikin ɗari. Wanda ya yi gaggawa, funfunar ya rufe a ciki, zai sake fasawa.

Janareta kuma a waje ake ajiye shi, ƙafa 20 daga ƙofa da taga. Iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, a cikin barci take kashe mutane, ko da a gareji ne an bar ƙofa a buɗe.

Maganar kuɗi ita ce mai ciwo. Inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, sai an sayi ta ambaliya daban, kuma mafi yawan gidajen da Harvey ta shafa ba su da ita. FEMA, hukumar agajin gaggawa ta gwamnatin tarayya, tana ba da tallafi, amma iyakarsa a 2017 dala 33,300 ne, kaɗan ne kuma suka sami cikakken. Saura sai rancen gwamnati mai ruwa, wanda wasunmu ke ƙyama saboda riba. Tallafin kuɗin ma na ɗan ƙasa ne da mai girin kad (katin izinin zama na dindindin) da makamantansu. Ɗalibi mai biza ko baƙo zai sami wurin kwana da abinci, kuɗi kuwa babu, sai dai in a gidan akwai yaron da aka haifa a nan, iyaye su nema da sunansa. Waɗannan ake yi wa asusu: kuɗin haya na wata ɗaya ko biyu, katifa, gyaran mota, don a Houston marar mota ba shi da hanyar zuwa aiki. Akan ba mai hali ya ajiye iyali guda a gidansa, kuma ba a shelanta sunan wanda aka taimaka wa. A lokacin Harvey masallatan ƙungiyar Musulmi ta Houston sun buɗe ƙofa ga kowa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba.

Akwai kuma masu zama da mutum su cike masa takarda. Wasiƙar FEMA ta farko sau da yawa tana cewa ba a amince ba, don kawai wata shaida ba ta cika ba. Ana da kwana 60 a ɗaukaka ƙara, amma wanda bai sani ba sai ya ce ƙaddara ce ya haƙura.

Lokacin guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, sabuwar inshorar ambaliya kuwa ba ta fara aiki sai bayan kwana 30 da saye. Saboda haka tun watan Afrilu ake tunatar da jama'a bayan sallar Juma'a, har masu haya, don akwai wadda ke biyan kayan ɗaki kaɗai.

A gaida Inna da sauran gida.