Tambayi Lauya: In Kotu Ta Tafi Hutu, Wa'adi Yana Jira?

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan hutu suka tsaya, sai guda ɗaya da ta ɓullo ta wata hanya, na ajiye ta a ƙarshe. Kamar kullum, na taƙaita tambayoyin kuma na sakaya sunaye. Dokokin da zan ambata na Najeriya ne, sai inda na kama sunan wata ƙasa.

Tambaya: Barista, an kama ƙanena ranar Alhamis da yamma a kan wani kuɗi da abokin cinikinsa ke bin sa. Washegari hutu ne, Litinin ma hutu. Da na je ofishin 'yan sanda sai aka ce mini babu maganar beli sai Talata, tunda kotu ba ta zama. Haka doka ta ce? (Hajiya R.)

Amsa: Hajiya, Allah ya kawo mafita. Ba haka doka ta ce ba, kuma ta fuska biyu aka shiga haƙƙin ƙanenki.

Da farko, cin bashi ba laifin da ake kulle mutum a kai ba ne. Sashe na 8 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda muke kira ACJA, ya hana a kama mutum don kawai ana bin sa kuɗi ko ya saɓa yarjejeniya, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta sake nanata wannan hani. Ɗan sanda ba a ɗauke shi aiki don karɓo wa mutane bashi ba. Dabarar da masu bin bashi suka iya ita ce su rubuta takardar koke su kira abin zamba ko cin amana, domin waɗannan laifuka ne. Saboda haka ki nemi a faɗa miki takamaiman laifin da aka rubuta a kansa. Idan ciniki ne aka yi, kuɗi ya maƙale, to wurinsa kotun da ke sauraron ƙarar bashi.

Sai maganar kwanaki. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, idan babu, kwana biyu. Gaskiya ne alƙali ba ya zama ranar hutu, amma ai saboda irin wannan ne sashe na 30 na ACJA ya ɗora wa babban jami'in ofishin 'yan sanda nauyin ba da beli da kansa, in dai ba za a iya kai mutum kotu cikin awa 24 ba kuma laifin ba na hukuncin kisa ba ne. Rufewar kotu dalili ne na a ba shi beli tun a ofis. Su kuma sun juya maganar, sun mai da ita dalilin riƙe shi.

Duk lauyan da ya jima a wannan aiki ya san kamen jajibirin hutu. Ba dace ake yi ba. Mai ƙorafi ne ke zaɓar ranar, don ya san kwana huɗu a bayan kanta za su sa dangi su haɗa kuɗin ko da sayar da kadara ne. Ki samu lauya ya rubuta takardar neman beli yau, a karɓa a buga hatimi a kan kwafinku. Beli kyauta ne. Kuma kar wani ya ce miki ki nemo namiji ya tsaya masa, sashe na 167 na ACJA ya ce ba a hana mutum tsayawa beli don kasancewarta mace. Jihohi suna da nasu dokokin masu kama da ACJA, lauyanki zai duba lambar sashen a ta jiharku. Idan suka ƙi, ana iya kai ƙarar take haƙƙi, kuma tsarin mulki ya tanadi diyya da neman afuwa a bainar jama'a ga wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, babbar kotu ta yanke hukunci a shari'armu ta fili, ban gamsu ba. Na lissafa sai na ga ranar ƙarshe ta ɗaukaka ƙara ta faɗo a kan ranar hutu. In bari sai an dawo aiki? (Alhaji S.)

Amsa: Alhaji, doka ta yi maka sassauci kaɗan, amma ni ba zan ba ka shawarar ka jingina da shi ba. Akwai dokar da ke fayyace yadda ake karanta sauran dokokin tarayya, kuma sashenta na 15 ya ce idan ranar ƙarshe ta wa'adi ta faɗo a kan hutu, wa'adin zai zarce zuwa ranar da ke biye wadda ba hutu ba. Ka lura da abin da take nufi da hutu: Lahadi ko ranar hutun gwamnati. Asabar ba ta ciki, ko da yake yawancin ofisoshi a rufe suke. Nan ne mutane ke faɗawa rami. Haka kuma ranakun hutun da ke tsakiyar wa'adi ana ƙirga su, sai fa idan wa'adin bai wuce kwana 6 ba, shi ne ake cire su.

A shari'ar da ba ta laifi ba, wata 3 ne wa'adin zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara idan hukuncin ƙarshe ne, kwana 14 idan ƙaramin hukunci ne da aka yanke ana tsakiyar shari'a. Wanda ya makara yana iya roƙon kotu ta ƙara masa lokaci, sai dai roƙo ne, dole ya kawo dalili mai ƙarfi kuma ya nuna ƙarar tasa tana da tushe. "Na ɗauka ana hutu" ba ya cikin dalilan da ke motsa alƙali.

A shari'ar zaɓe kuwa babu ma wannan ƙofar. Sashe na 285 na tsarin mulki ya ba da kwana 21 na shigar da ƙara bayan an bayyana sakamako, kwana 180 na yanke hukunci, kwana 60 na yanke hukunci a ɗaukaka ƙara, kuma Kotun Ƙoli ta sha cewa ba mai ikon ƙara ko kwana ɗaya. Shi ya sa a shekarar zaɓe za ka ga ana zaman kotu ran Asabar. Kai dai ka shigar da takardarka mako guda kafin ranar. Layin biyan kuɗin rajista kaɗai na iya cinye maka yini.

Tambaya: Barista, shari'ata ta shekara uku ana ɗagewa, yanzu kuma an ce alƙalai sun tafi dogon hutu sai Satumba. Wane irin aiki ne wannan? (Malam U.)

Amsa: Malam, na fahimci ɓacin ranka. Dogon hutun manyan kotuna, wanda yakan fara wajen ƙarshen Yuli ya kai Satumba, gado ne daga Ingila, inda har yanzu sabuwar shekarar shari'a ke farawa a watan Oktoba. Ba a kulle kotu gaba ɗaya. Ana barin alƙalan hutu da ke sauraron abin gaggawa, kamar beli da ƙarar take haƙƙin ɗan'adam. Rikicin fili ko na kwangila da ya shekara uku ba ya shiga wannan sahu, sai dai idan wani sabon abu ya taso, misali abokin shari'arka ya fara gini a wurin ko yana neman sayarwa. Nan lauyanka na iya kawo takardar rantsuwa ta gaggawa ya nemi a dakatar da shi.

Ra'ayina, wanda na san wasu abokan aikina ba za su so ba: alƙalai suna buƙatar hutu, domin da yawansu har yau da hannu suke rubuta duk abin da aka faɗa a zaman kotu, kuma tsarin mulki ya ba su kwana 90 ne su yanke hukunci bayan an rufe jawabai. Amma ban ga dalilin da zai sa kowa ya tafi lokaci guda ba. Asibiti ba ya rufewa don likitoci sun gaji, karɓa-karɓa ake yi. Sannan ka duba fayil ɗinka da kyau ka ga wa ya nemi ɗage-ɗagen nan na shekara uku. Sau da yawa mu lauyoyi ne.

Tambaya: Wai wa ke da ikon ba da hutu, gwamna ko shugaban ƙasa? Kamfanin da nake wa aiki na sa mu fito ranar hutu ba tare da ƙarin ko kwabo ba. (ɗan'uwa B.)

Amsa: Duka biyun. Dokar Ranakun Hutu ta jera na dindindin, irin su 1 ga Janairu, 1 ga Mayu, 1 ga Oktoba da Kirsimeti, ta bar wa minista ya sanar da na sallah biyu da Maulidi tunda su da ganin wata suke tafiya. Shugaban ƙasa na iya ƙara rana ta musamman, gwamna ma haka a iyakar jiharsa. Sauya na dindindin kuwa sai majalisa. Shi ya sa da Shugaba Buhari ya sanar a 2018 cewa Ranar Dimokuraɗiyya ta tashi daga 29 ga Mayu ta koma 12 ga Yuni, don tunawa da zaɓen 1993 da aka soke, sai da aka gyara dokar a 2019.

Ita kanta 1 ga Mayu da gwagwarmaya aka same ta. Asalinta yajin aikin ma'aikatan Chicago ne a 1886, masu neman a tsayar da aiki a awa 8. Abin mamaki, Amurka ba ranar take hutun ma'aikata ba, sai Litinin ta farko a Satumba. A Najeriya gwamnatin jam'iyyar PRP ta jihar Kano ce ta ba da hutun a 1980, tarayya ta biyo baya a 1981.

Maganar kuɗinka kuma, ɗan'uwa, ka fara da takardar ɗaukarka aiki da yarjejeniyar ƙungiyarku, domin can ake rubuta ladan aikin ranar hutu da na ƙarin lokaci. Abin da Dokar Ƙwadago ta tabbatar wa ƙaramin ma'aikaci shi ne hutun kwana ɗaya a kowane mako, da aƙalla kwana 6 na hutun shekara da albashi bayan wata 12 yana aiki. Idan takardarka ta yi alkawarin ƙari aka hana ka, ka riƙa rubuta ranakun da ka fito. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron irin wannan ƙara.

Tambaya: Barista, don Allah wannan farin gashin da kuke ɗorawa a ka, ba ya damunku da zafi? (wata ɗaliba)

Amsa: Yana damunmu ƙwarai, 'yata. Shi ma daga Ingila ya zo, na asalin da gashin doki ake saƙa shi. Su da suka kawo shi, alƙalansu sun ajiye shi a shari'o'in da ba na laifi ba tun 2008, mu kuwa muna nan riƙe da shi a manyan kotuna. A kotun majistare ba a sawa, baƙar kwat ta wadatar. In kina da niyyar karatun lauya kada wannan ya hana ki, da an fito daga zauren kotu ake tuɓe shi a jefa a jaka.