Ku tambayi Malam: wai Rumawa da Girkawa duk a gidan dutse suke kwana?

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da muka sa hoton kangon birnin Rum a fitowar da ta wuce saƙonni ke ta shigowa ta WhatsApp, mafi yawa daga nan Yamai da Tawa, to ga waɗanda na tsinta na wannan karon, sauran a yi mini haƙuri.

Tambaya daga wani magini a Talaje: Malam barka da aiki, ni magini ne shekara da shekaru, abin da ke ɗaure mini kai wai ya aka yi ginin mutanen nan ya yi shekara dubu biyu yana tsaye mu kuma gidan siminti damana kaɗan ya fara tsagewa, wane irin siminti ne gare su, kuma da gaske har talakansu a gidan dutse yake kwana?

Amsa: Sannu sarkin magina. Bari in fara da ta ƙarshe, a'a wallahi. Abin da kake gani a hoto ɗakunan bautarsu ne da filayen wasa da ginin sarakuna, gidan talaka ya narke tun tuni shi ya sa ba ka ganinshi. A birnin Atina na Girkawa, lokacin da ake gina babban ɗakin bautarsu Fartenon bisa tudu da farin dutse, daga shekara ta 447 zuwa 432 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutanen da ke ƙasan tudun a gidan laka suke, tubalin ƙasa busasshe a rana bisa tushe na dutse, lungu a murɗe babu tsari. Ɓarawo ma ba ya wahala da ƙofa, bango yake fasawa. A shekara ta 431 da maƙiya suka shiga garin Falataya na Girkawa cikin dare, mutanen garin huda bangayen da ke tsakaninsu suka yi ta yi suna haɗuwa gida zuwa gida ba tare da an gansu a titi ba, ka ga ai dutse ba ya huduwa haka a dare guda.

Kuma ba su raina laka ba. Wani magininsu Barume mai suna Bitirubiyus, na zamanin sarki Agustus, ya rubuta cewa tubali mai kyau sai ya shekara 2 yana bushewa kafin a ɗora shi, ya ce a garin Utika (yana cikin Tunisiya ta yau) sai ya kai shekara 5 kuma hukuma ta shaida kafin a yi gini da shi. Kai da ke cikin sana'ar ka san kwana nawa ake ba biriki yanzu kafin mai gida ya fara kiran waya yana cewa a ɗora a ɗora.

Batun siminti kuwa gaskiya ne, Rumawa na da nasu. Farar ƙasa suke toyawa su gauraya ta da tokar dutse mai aman wuta, mafi shahara ta wajen garin Fozzuwoli kusa da Nafoli, sai su zuba ɓaraguzan dutse ko na jan bulo ciki suna dannawa hawa-hawa. Haɗin nan har cikin ruwan teku yana kamawa, da shi suka gina tashoshin jirgin ruwa. Babu ƙarfe ciki ko guda, kuma wannan na cikin dalilin daɗewarshi, don namu ƙarfen ne ke tsatsa ya kumbura ya tsaga simintin daga ciki in ruwa ya samu hanya. Ka nemi hoton Fantiyon na birnin Rum, ginin da aka kammala zamanin sarki Hadiriyan wajen shekara ta 125 miladiyya, ƙubbarshi faɗinta mita 43 kuma har yau babu ƙubbar kankare marar ƙarfe da ta kai ta. Dabarar ita ce ƙasan ya yi kauri sosai da dutse mai nauyi, ana hawa ana rage kaurin ana sa dutse marar nauyi, can tsakiya kuma aka bar kafa a buɗe. Amma gidajen haya na birnin, da katako da ɓaraguzai da ha'incin ɗan kwangila aka yi da yawansu, faɗuwa suke a kan mutane. A shekara ta 54 kafin haihuwar Annabi Isa gulbin Tibar ya cika ya shiga gari, gidajen tubali suka jiƙe suka zube, mutanen Harobanda da Saga ba sai na yi musu bayanin wannan ba bayan ambaliyar da aka gani a 2020.

Tambaya daga wata malamar lakwal a Tawa: Malam ina wuni, ni dai zancen ruwa ad damuwata, nan in zahi ya yi sai mu kwana muna jiran robine ko mu bi ƴan garuwa, an ce Rumawa tun wancan zamani ruwa na gudu cikin gari dare da rana, mi suka yi amfani da shi tun da babu kuran babu inji?

Amsa: Malama lahiya lau. Gangara kawai, babu wani inji. Sukan nemi idon ruwa can cikin duwatsu wanda ya fi garin tudu sai su gina mishi hanya rufaffiya wadda ke sauka kaɗan-kaɗan har cikin birni. Ta farko a Rum an yi ta a shekara ta 312 kafin haihuwar Annabi Isa, zuwa shekara ta 226 miladiyya sun kai 11. Ɗaya daga ciki mai suna Marsiya tsawonta ya kai kilomita 91, kuma mafi yawanta a ƙarƙashin ƙasa take, gadojin nan masu baka-baka da kike gani a hoto sai inda aka tarar da kwari ake yinsu don kada ruwan ya faɗi. Abin da ya fi ba ni mamaki awonsu ne, hanyar ruwan da ta bi ta gadar Gar a kudancin Faransa ta yi kilomita 50 amma tsakanin farkonta da ƙarshenta saukar ba ta wuce mita 13 ba, da igiya da sanda da kwamin ruwa suka auna wannan.

To amma kar ki ɗauka kowa na da robine a ɗaki. Ruwan yana zuwa ne rijiyoyin dutse na bakin titi, wani shugaban hukumar ruwansu Furontinus da aka naɗa a shekara ta 97 ya ƙirga 591 a birnin, nan mata da bayi ke ɗiba, kuma su ma suna da masu ɗaukar ruwa suna sayarwa ga na saman bene. Jawo ruwa cikin gida sai da izinin sarki. Shi Furontinus ɗin da ya bi sawu sai ya tarar an huhhuda bututun ko'ina ana sata, da haɗin bakin ma'aikatan ruwan kansu. Bayi wajen 700 ne ke gyara da share hanyoyin nan, a riƙa tunawa da wannan in ana yabon Rumawa, don aikin bisa wuyan bayi da dukiyar ƙasashen da suka ci da yaƙi ya tsaya.

Ruwan ba a rufe shi, wanda ya malala shi ke wanke kaniwo ya bi babban magudanin gari ya faɗa gulbi. Ga kuma gidajen wanka na jama'a, da ƙaramin kwabonsu ake shiga, da la'asar kowa ya taho, ɗakin ɗumi da na zafi da na sanyi, wuta na ci ƙarƙashin daɓe, mutum ya shafe jiki da man zaitun ya kankare da wani lanƙwasasshen ƙarfe. Wanda sarki Karakala ya buɗe a 216 yana ɗaukar mutum wajen 1600 a lokaci guda. Tsabta dai da sauƙi, ruwan kwamin kowa cikinshi yake shiga mai lahiya da marar lahiya, masai na jama'a kuma benci ne dogo mai ramuka a jere babu ko labule, ana zaune ana hira. Ni a nan butarmu da ɗan zagayenmu sun fi mini.

Tambaya daga wani ɗalibin jami'ar Abdu Mumuni: Salam Malam, mu huɗu ne a ɗaki guda muna haɗa kuɗin haya, ga zafi ga ƙarar kabu-kabu har tsakar dare, jiya a fada wani ya ce ai da a Rum ta da muke da mun huta, na ce sai na tambaye ka.

Amsa: Ƙanena ka gaya ma abokinka ya sha shayinshi ya gode Allah. Rum a zamanin Agustus ta kai mutum wajen miliyan guda, kuma mafi yawansu ƴan haya ne cikin benaye masu hawa biyar ko shida, har sai da sarkin ya sa doka kada gini ya wuce ƙafa 70, wato mita 20 da ɗoriya. Ƙasa shaguna ne, hawa na farko na masu hali, kana hawa kuɗin na raguwa ɗakin na ƙanƙancewa, na can ƙarƙashin rufi shi ne talaka tilis, babu ruwa babu masai babu madafa, in wuta ta tashi shi ne na ƙarshen ji. Ranar 1 ga watan Yuli ake sabunta haya, ranar za ka ga wanda aka kora da ƴan komatsanshi a titi. Tukunyar fitsari kuwa mai ƙiwar saukowa ta taga yake juye ta da dare, abin ya yi yawa har aka yi dokar biyan diyya ga wanda aka zuba ma wani abu daga sama.

Ƙara fa? Yuliyus Kaisar ya hana amalanke shiga gari da rana saboda cunkoso, sai ƴan kaɗan da aka ware irin masu kwasar shara da masu kai kayan ginin ɗakunan bauta, to duk kayan kasuwa sai dare, ƙafar katako mai ɗaurin ƙarfe bisa titin dutse ga ihun masu kora, kai da kabu-kabu ke damu. Abinci kuma a waje ake ci tun da babu wurin girki, a Fomfei, garin da dutsen Besubiyus ya binne a shekara ta 79, an tono kantocin masu abinci sun haura 80, kanta ce ta gini da manyan tuluna a dashe cikinta.

Babban abin tsoronsu gobara. Fitilar mai, garwashi a kasko, benen katako manne da juna. Agustus ya kafa ƴan kwana-kwana a shekara ta 6 miladiyya, runduna 7 suna sintiri da dare da bokiti da gatari, in wuta ta fi ƙarfinsu su rushe gidan maƙwabci don su tare ta. Kafin nan akwai wani attajiri Karasus da ke da bayi magina sama da 500, in gida na ci da wuta ya zo ya taya shi da na kewaye a wulaƙance, mai gida na kuka ya sayar, da haka ya mallaki yanki babba na birnin. A watan Yulin 64 zamanin Nero wuta ta tashi daga shagunan gefen filin sukuwa, cikin unguwanni 14 huɗu kaɗai suka tsira, 3 suka ƙone ƙurmus. Bayan nan ne aka faɗaɗa tituna aka hana gidaje haɗa bango guda. Iyayenka za su ba ka labarin gobarar Babbar Kasuwa ta Yamai a 1982, shago manne da shago.

Tambaya daga wata Hajiya a Bukoki: Malam wai Rumawa da Girkawa suna da zaure, kuma matansu na fita?

Amsa: Hajiya barka da hutawa. Girkawa na da, ɗaki ne na maza kusa da ƙofar gida, shi aka fi ƙawatawa, da gadaje jere da bango sau da yawa 7, nan mai gida ke saukar baƙi su ci su sha a kishingiɗe, matar gida ba ta shiga. Gidan duk ciki yake kallo, tsakar gida a tsakiya, tagogin waje ƙanana can sama. A garin Olintus da aka rushe a shekara ta 348 kafin haihuwar Annabi Isa an tono gidaje goma-goma a rukuni, layi biyu na biyar-biyar, rumfarsu na kallon kudu don rana ta shiga lokacin sanyi, su rana suke nema mu inuwa. Matar mai hali a Atina ba ta cika fita ba, ta talaka kuwa dole ta je ɗibar ruwa ta kai talla kasuwa. Rumawa sun bambanta, matansu na cin abinci tare da maza suna zuwa kallon wasa, kuma babban mutum da sassafe ƙofarshi a buɗe take, mabiya su yi layi a babban falon da rufinshi ke da kafa a tsakiya inda ruwan sama ke zuba cikin kwami, su gaishe shi ya ɗan miƙa musu na cefane.

Tambaya daga wani direba a Wadata: Malam na yi aiki a Libiya, bakin teku gabas da Tarabulus na ga wani kangon gari mai ginshiƙan dutse, na su wane ne?

Amsa: Direba in kusa da Khums ne to Labda ka gani, Turawa na ce mata Leptis Magna. Mutanen Finikiya suka kafa ta, Rumawa suka mallake ta daga baya, kuma nan aka haifi Saftimiyus Seberus wanda ya yi sarautar Rum daga 193 zuwa 211, shi ya zuba mata dukiya ya yi sabon dandali da babbar kotu ya gyara tashar jirgin ruwa. Rairayi ne ya binne ta shekaru aru-aru shi ya sa ba a kwashe duwatsun duka ba. In ka koma ka nemi kasuwarta, teburin dutsen da ake gwada mudu da na awon tsawo suna nan har yanzu.