Fayiloli sun ɓace: me zan yi kafin in kai kwamfuta wurin mai gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe. Na goge foldar aikin bincikena bisa kuskure, na duba kwandon shara babu. Ƙawata ta ce in sauke manhajar dawo da fayiloli, yayana kuma ya ce in kai wa mai gyara. Wanne zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah Ya sa a dace. Kafin duka biyun, ki kashe kwamfutar.

Idan an goge fayil, Windows ba ta share shi nan take. Sunansa take cirewa daga jeri, ta ɗauki wurin a matsayin fili. Yana nan kwance har sai wani sabon abu ya hau kansa, kuma kwamfuta muddin tana kunne ba ta fasa rubuce-rubucenta ko ba ki taɓa ta ba. A nan shawarar ƙawarki ke da haɗari: manhajar da za ki sauke tana iya sauka daidai kan aikin da kike nema.

Ki ɗauki waya ki fara laluben kwafi. Ma'ajiyoyin intanet na OneDrive da Google Drive suna riƙe abin da aka goge kwana 30. Duba imel da WhatsApp ma, ko kin taɓa tura wa malamin da ke duba aikin.

In babu, sai a san irin rumbun ajiyar da ke ciki. In HDD ne mai faifai, akwai fata sosai. In SSD ne marar faifai, gaskiya sai addu'a, domin akwai umarnin TRIM da ke sa shi share guraben da aka goge da kansa, sau da yawa cikin ƙanƙanin lokaci. Wanda ya iya sai ya ciro rumbun, ya jona shi da wata kwamfutar ta USB, ya bincika da manhajar dawo da fayiloli irin Recuva ko PhotoRec, duk kyauta ne. Abin da aka samu a ajiye shi a wani wuri dabam, kada a mayar cikin rumbun. PhotoRec ba ta dawo da sunayen fayiloli, sai kin bi ɗaya bayan ɗaya.

In kuwa wurin mai gyara za ki, ki faɗa masa da babbar murya: kada a yi fomat, wato share rumbun gaba ɗaya, kada a ɗora sabuwar Windows. Wasu abin da hannunsu ya saba ke nan, kafin ki gama bayani an riga an fara. Ki kuma nemo makullin BitLocker (tsarin Windows na kulle rumbu) mai lambobi 48 a asusunki na Microsoft, don in rumbun a kulle yake, babu gwanin da zai karanta shi sai da shi.

Tambaya: Malam, rumbuna na waje ya faɗi, yanzu in na jona sai ya riƙa ƙas-ƙas-ƙas. An ce in sa shi a firiza ya kwana.

Amsa: Ɗan'uwa, zare shi, kada ka ƙara jonawa don gwaji. Faifan ciki yana juyi sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, kuma wannan ƙarar alama ce cewa allurar da ke karanta shi ta samu matsala. Kowace kunnawa tana iya ƙara karce faifan, wurin da ya karce kuwa ya tafi. Manhaja ba ta da aiki a nan. Firiza danshi za ta tara masa. Kada ka kwance shi, kada ka bari a kwance shi a kan teburin kasuwa. Ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta yi ɓarna, shi ya sa ƙwararru ke buɗe shi a ɗaki na musamman da aka tace iskarsa. Aikin yana da tsada, don haka ka tambaye su tun farko ko za ka biya in ba a samu komai ba.

Tambaya: Na kai filashina shagon buga takardu, na dawo foldoli duk sun koma gajerun alamu masu kibiya.

Amsa: Wannan da sauƙi. Bairos ne ya ɓoye su, bai goge ba. Kada ka danna alamun. Ka fara wanke filashin da manhajar kashe bairos, sannan ka buɗe CMD, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* kana mai sauya E da harafin filashinka. Foldolin za su fito, sai ka kwashe su zuwa wani wuri ka yi wa filashin fomat.